Amurka: kokowar da kwalejojin al'umma ke yi don baƙon ɗalibi ya zama ɗan gida

A ƙasar Amurka akwai wani rukuni na makarantun ilmi mai zurfi wanda ba a cika jin labarinsa a nan wajenmu ba, sabili da ba shi da suna irin na manyan jami'o'i kamar Harvard. Su ne a ke kira kwalejojin al'umma. Yawansu ya kai kimanin 1.000, suna warwatse daga manyan birane har zuwa ƙananan garuruwan karkara, kuma in an haɗa da masu ɗaukar gajeren horo, mutum kimanin miliyan 10 ne ke karatu cikinsu. Ƙofarsu a buɗe ta ke ga kusan duk wanda ya zo, babu gasar shiga. Amma fa shiga daban, zama daban. Cikin ɗalibai 10 da suka fara karatu a bana, wajen 4 ba za a same su cikin kowace makaranta ba idan baɗi ta kewayo. Wannan zurarewa ita ce ta daɗe tana hana shugabannin makarantun barci, kuma hanyoyin da suka bi don toshe ta sun cancanci mu tsaya mu duba su da kyau.

Asalin makarantun

Kada sunan ya ruɗi mai karatu. Ba irin kwalejin da yaranmu ke shiga bayan firamare ba ce. Ɗalibi na shigarta bayan ya gama sakandare, watau kamar wanda ya kai matsayin bak a wajenmu. Ya yi shekara 2, ya fito da takardar shaida ta wata sana'a, kamar jinya, gyaran mota, aikin lantarki, lissafin kuɗi ko aikin kwamfuta. Ko kuma ya wuce jami'a ya ƙarasa sauran shekara 2, ya samu digirin farko.

Ta farko cikin na gwamnati da har yanzu ke aiki ita ce ta garin Joliet, kusa da Shikago, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai 6 kacal, bisa shawarar shugaban jami'ar Shikago William Rainey Harper da shugaban sakandaren garin, J. Stanley Brown. Bayan yaƙin duniya na biyu, wani kwamiti da shugaba Truman ya naɗa ya kai rahotonsa a 1947, inda ya nemi a shimfiɗa irin waɗannan makarantu ko'ina, kusa da gidajen mutane, da kuɗi kaɗan ko ma kyauta. Daga wannan rahoto ne sunan kwalejin al'umma ya bazu. Cikin shekarun 1960 an yi ta buɗe su kusan guda kowane mako. Har yanzu su ne mafi sauƙin kuɗi: a 2023 ɗan yankin yana biyan kimanin dalar Amurka dubu 4 a shekara, alhali kuwa jami'ar gwamnati na karɓar fiye da dubu 11.

Su wa ke zama cikin azuzuwan?

Idan aka ce ɗalibin jami'a, abin da ke zuwa a zuciya shi ne saurayi ko budurwa mai shekara 19, yana kwana cikin makaranta, yana ci a nan, abokansa duka a nan. Ɗalibin kwalejin al'umma ba haka ya ke ba. In an yi raba-daidai, shekarunsa sun kai wajen 27. Kusan kashi biyu cikin uku ba sa ɗaukar cikakken karatu, sai darasi biyu ko uku gwargwadon sararin da suka samu. Mafi yawansu na aiki, da dama suna da ƴaƴa, da yawa kuma su ne na farko a gidansu da suka taɓa taka babbar makaranta. Akwai tsofaffin sojoji, akwai wanda masana'antarsa ta rufe yana neman sabuwar sana'a, akwai baƙin da suka zo daga wata ƙasa suna koyon Ingilishi. Galibin makarantun ba su da ɗakunan kwana. Mutum ya sauko daga mota, ya shiga aji, in an tashi ya ruga wurin aiki ko ya je ɗaukar yaro.

Irin wannan ɗalibi ya kan yi wata uku cikin makaranta babu wanda ya san sunansa. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Bai san wane ofishi a ke neman taimakon kuɗi ba, bai san darasin da ya kamata ya fara ɗauka ba, kuma yana jin kunyar tambaya don kada a ce bai cancanci wurin ba. Ranar da ya faɗi jarrabawar farko, ko motarsa ta lalace, ko aka sauya masa lokacin aiki, sai ya ce a ransa dama can wurin ba nasa ba ne. Ba ya sallama da kowa, domin babu wanda zai yi wa sallama. Sakamakon a fili ya ke: kimanin 8 cikin 10 na masu shiga suna cewa burinsu digirin jami'a, amma bayan shekara 6 waɗanda suka same shi ba su wuce kashi 16 cikin 100 ba.

Abin da masana suka hango

Masanin da aka fi ambata cikin wannan batu shi ne Vincent Tinto na jami'ar Syracuse. Tun daga 1975, sannan cikin littafinsa na 1987, ya nuna cewa barin makaranta ba koyaushe ne ke zuwa daga rashin ƙwaƙwalwa ba. Ɗalibin da ya saƙu cikin jama'ar makaranta, ta fuskar karatu da ta fuskar zumunci, shi ya fi zama. Sai dai an yi masa gyara: yawancin abin da aka gina wannan ra'ayi a kai ya shafi samari masu kwana cikin jami'a. Uwar ƴaƴa biyu mai aikin dare yaushe za ta samu sukunin shiga ƙungiyar wasa ko zuwa bikin ɗalibai? Binciken da jami'ar Tekzas da ke Austin ke gudanarwa tun 2001, wanda ke tambayar ɗaliban ɗaruruwan kwalejoji yadda su ke tafiyar da lokacinsu, ya sha nuna cewa mafi yawansu, da rata mai nisa, ba sa ba harkokin bayan aji ko awa guda a mako.

A 1994 wata malama mai suna Laura Rendón, wadda ita kanta ta fara karatunta a irin wannan kwaleji a Tekzas, ta juyo da maganar. Ta ce ɗan talaka da bai gaji karatu ba, ba shi zai fara miƙo hannu ba. Malami ko ma'aikaci ne ya wajaba ya fara zuwa gare shi, ya tabbatar masa cewa yana iyawa, kuma abin da ya zo da shi daga gida da wurin aiki ilmi ne mai daraja. A 2011 kuma Regina Deil-Amen ta jami'ar Arizona, bayan hira da ɗalibai masu yawa, ta gano cewa abin da ke ɗaure su da makaranta ƴan ƙananan abubuwa ne da ke faruwa cikin aji ko a bakin ƙofarsa: malamin da ya tsaya minti biyar ya yi bayani, abokin zama da ya ba da lambar wayarsa, aikin da aka yi tare mutum uku. Ke nan ga wanda ba ya kwana a makaranta, aji shi ne dandali, shi ne kuma zaure. In bai samu wurin zama a can ba, babu inda zai same shi.

Alkawarin malamai

Wasu kwalejoji sun ɗauki wannan magana sun mai da ita aiki. A garin Odessa na jihar Tekzas, wajen 2011, an binciki malaman da ɗalibai ba sa guje wa darasinsu, aka tarar ba sauƙin jarrabawa ne sirrinsu ba. Daga halayensu aka tsamo alkawari 4 da aka nemi kowane malami ya ɗauka: ya riƙe sunan kowane ɗalibi tun makon farko, ya sa ido, da ya ga wani ya fara fashi ko ja da baya ya neme shi nan da nan, ya zauna da kowane ɗaya su biyu tun farkon zango, sannan ya tsare doka sosai amma ya san inda zai sassauta in uzuri na gaskiya ya zo. Kwalejin Oakton kusa da Shikago ta bi sawu daga 2016, inda malaman da suka yarda ke ganawa da kowane ɗalibi na minti 15 cikin makonni 3 na farko, su kuma mayar masa da aikinsa na farko da gyara tun da wuri, don ya san matsayinsa kafin lokaci ya ƙure.

Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma ba sabon abu ba ne ga wanda ya san cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Amma akwai cikas guda: yawancin masu koyarwa a kwalejojin al'umma ƴan kwantaragi ne, ana biyansu bisa darasi, wasu ba su da ko ofishin da za su karɓi ɗalibi, wasu kuma na gudu tsakanin makarantu biyu ko uku don su haɗa abin cefane. Malamin da shi kansa baƙo ne a gidan, da wuya ya yi wa wani masauki.

Tafiya cikin ayari

Hanya ta biyu ita ce a haɗa sababbin ɗalibai rukuni-rukuni. A kwalejin Kingsborough da ke unguwar Brooklyn ta birnin Niyok, daga 2003, an riƙa haɗa ɗalibai da ba su wuce 25 ba su ɗauki darasi 3 tare a zangon farko, malaman uku kuma suna shawara da juna, har su ba da aikin da ya ratsa darussan duka. Wata cibiyar bincike mai suna MDRC ta auna abin ta hanyar ƙuri'a: cikin ɗalibai kimanin 1.500, rabi suka shiga ayarin, rabi suka bi hanyar da aka saba. Na cikin ayarin sun fi jin cewa suna da wuri a makarantar, sun kuma fi cin darussansu a zangon. Amma da aka gwada irin wannan tsari a kwalejoji 6, ribar ta fito ƙarama, kuma ta kan dushe bayan an watse. Zango guda na zumunci bai isa ya ɗauki mutum har shekara 2 ko 3 ba.

Akwai ayarin da ya fi wannan daɗewa. A 1981, a kwalejin Chabot ta jihar Kalifoniya, wani mai ba ɗalibai shawara, Felix Galaviz, da wata malamar Ingilishi, Patricia McGrath, sun damu da yadda ƴaƴan ƴan asalin Mekziko ke zubewa. Suka kafa shirin Puente, watau gada da harshen Sifaniyanci. Ƙafa uku gare shi kamar murhu: ajin rubutu na shekara guda inda a ke karanta marubutan da suka fito daga cikin al'ummar ɗaliban, mai ba da shawara guda da ke bin su har su wuce jami'a, da wani babba mai sana'a daga cikin gari da ke zama uban gida ga kowane ɗalibi. Ƙananan rukunonin aji ma iyali a ke ce musu. Shirin ya bazu zuwa kwalejoji da dama na jihar, kuma daga 2006 aka samu makamancinsa don ɗalibai baƙar fata, mai suna Umoja, kalmar Swahili mai nufin haɗin kai.

Da ruwan ciki a kan ja na rijiya

A kwalejin Amarillo, can arewacin Tekzas, Russell Lowery-Hart, wanda ya shugabance ta daga 2014 zuwa 2023, ya tambayi ɗalibai abin da ke hana su gamawa. Ya yi zaton za su ce lissafi ko Ingilishi. Sai amsoshin suka fito daga wani gefe: abinci, kuɗin haya, abin hawa, mai kula da yaro, kuɗin wuta, magani. Makarantar ta buɗe wata cibiya a tsakiyar harabarta, a inda kowa ke gani, mai rumbun abinci da tufafi da ma'aikatan jin daɗin jama'a, tare da asusun gaggawa da ke biya wa ɗalibi haya ko gyaran mota cikin ɗan lokaci ba tare da tarin takardu ba. An kuma gajarta yawancin darussa zuwa mako 8, domin mai aiki ya fuskanci biyu kawai a lokaci guda. A 2023 Amarillo ta raba babbar kyautar Aspen ta kwalejojin al'umma da kwalejin Imperial Valley ta Kalifoniya.

Amma shaida mafi ƙarfi ta fito ne daga birnin Niyok. A 2007 jami'ar birnin, wadda kwalejojin al'ummar garin ke ƙarƙashinta, ta fara wani shiri mai suna ASAP da ɗalibai dubu da ƴan kai. Yarjejeniya ce tsakanin ɓangare biyu. Ɗalibi ya yarda zai yi cikakken karatu, zai kuma riƙa zuwa wurin mai ba shi shawara, sau biyu a wata a farkon shirin. Makaranta kuma ta cike masa abin da ya rage na kuɗin karatu, ta ba shi littattafai, ta ba shi katin shiga jirgin ƙasa da motocin birni kyauta, ta jera masa darussa a lokaci guda na yini tare da ƴan rukuninsa. A shekarun farko, mai ba da shawara a shirin ya riƙa riƙe ɗalibai 60 zuwa 80, alhali takwaransa na waje na fama da ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu. Katin mota kuwa sai wanda ya cika alkawarin ganawa ke karɓar na wata mai zuwa.

MDRC ta sake yin ƙuri'a, da ɗalibai 896 marasa ƙarfi a kwalejoji 3. Rahoton 2015 ya nuna cewa bayan shekara 3, kashi 40 cikin 100 na ƴan shirin sun samu takardarsu, sauran kuwa kashi 22. Aka kai tsarin jihar Ohayo, kwalejoji 3, inda aka musanya katin jirgi da katin sayen mai ko abinci na dala 50 a wata: nan ma kashi 35 da kashi 19. Ba a saba ganin irin wannan rata ba cikin binciken ilmi. Kuɗin fa ba kaɗan ba ne, domin a gwajin Niyok kowane ɗalibi ya ci ƙarin kimanin dala dubu 16 cikin shekara 3. Sai dai da ya ke masu gamawa sun kusa ninkawa, kuɗin da aka kashe bisa kowace takardar shaida ya fi na da sauƙi. Niyok ta faɗaɗa shirin har ya kai ɗalibai dubu 25 a shekara. A Ohayo kuwa, da kuɗin gwaji suka ƙare, kwalejin Lorain ce ta ɗore da shi.

Wani babban bincike da Gregory Walton na jami'ar Stanford da abokansa suka buga a 2023 ya ƙara haske. Cikin sababbin ɗalibai fiye da dubu 26 a manyan makarantu 22, an ba wasu wani ɗan gajeren karatu, inda na gaba da su ke bayyana cewa jin baƙunci a farko abu ne da kowa ke yi, kuma yana wucewa. Wannan ƴar magana ta taimaka wa wasu sun kammala shekarar farko, amma a inda makarantar ta riga ta buɗe wa irinsu hanyar zama ƴan gida ne kawai. Inda babu wannan, maganar ba ta yi tasiri ba. Ɗalibi ba yaro ba ne. Yana gane bambancin maraba ta fatar baki da wadda aka haɗa da ruwan sha.

Bakin ɗalibi cikin shawara

Ɗan gida ba ci da sha kawai ya ke yi ba, ana jin ta bakinsa, ana kuma ɗora masa aiki. A Kalifoniya, wadda ke da kwalejojin al'umma fiye da 110, doka ta tanadi kujerar ɗalibi cikin majalisar da ke mulkin kwalejojin kowane yanki, kuma tun gyaran dokar 1988 wajibi ne a saurari wakilan ɗalibai kafin a yanke abin da ya shafe su, kamar tsarin ba da maki, horo da kuɗaɗen da a ke karɓa. A Amarillo an sa ɗalibai su bi ofisoshi kamar sababbin zuwa, su dawo su faɗi inda aka yi musu kyakkyawar tarba da inda aka yi ta turo su daga wannan taga zuwa waccan. Da su kuma aka zauna aka rubuta ƙa'idojin da ma'aikata za su bi. Makarantu da yawa na ɗaukar tsofaffin ɗalibai aiki da ɗan albashi don su ja sababbi, su yi musu bitar darasi. Riba biyu ke nan: sabo ya samu wanda ba ya jin kunyar tambaya, tsoho kuma ya samu dalilin wuni cikin makaranta maimakon neman aiki a waje. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa.

Annobar korona ta gwada duk wannan. A zangon ƙarshen 2020, da azuzuwa suka koma ta intanet, yawan ɗaliban kwalejojin al'umma ya faɗi da kimanin kashi 10 cikin 100, fiye da na kowane rukunin manyan makarantu. Waɗanda igiyarsu ba ta da ƙwari su suka fara tsinkewa.

Wannan labari bai yi mana nisa kamar yadda taswira ke nunawa ba. Ƴan Nijar da ke zaune a Greensboro da unguwar Bronx ta Niyok, da ƴaƴansu, suna cikin masu bin wannan ƙofa in sun tashi neman ilmi. Haka nan duk wanda ya taɓa zama aji da girmansa, bayan wunin gona ko kasuwa ko ofis, ya san nauyin ranar farko, ya kuma san abin da ya dawo da shi rana ta biyu. Ga magabatan da ke riƙe da cibiyoyin horo da manyan makarantu, tambayoyin da kwalejojin Amurka suka yi wa kansu ba sa bukatar kuɗin waje kafin a yi su. Wa ya san sunan sabon ɗalibi kafin mako ya ƙare? In ya yi fashin kwana uku, wa zai lura, wa zai neme shi? Da me ya zo makaranta yau, kuma ya ci abinci? Rajistar farkon shekara kowa na iya cika ta. A riƙa ƙirga waɗanda suka rage ranar da aka rufe.